Talata a Ɗakin Allura

Zuwa ga uwar ɗakina, Ungozoma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki da maigidanta da jikokin da suka ɗauke mana ke. Ni dai ga ni nan da sauƙi irin na tsofaffi: abin da ya yi ciwo jiya ya huta, wani ya karɓi aiki. Kada ki ce me ya hana ni buga waya. Kin san kunnen nan, in ana magana ta waya sai in ji kamar daga cikin rijiya ake kirana. Takarda kuwa ba ta gajiya da maimaita mini.

Gida yana nan yadda kika bar shi da kika zo ta'aziyya, sai dai na rufe ɗakin marigayiya matata da na yaron namu, na tattara kaina a ɗaki ɗaya. Yaron yakan aiko saƙo daga wurin aikinsa ya tambaya ko ina bukatar wani abu. Nakan ce babu, shi ma ya san amsar tun kafin ya tambaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gwiwar nan ta hagu. Likitan asibiti ya ce ƙashi ne ya goge, ya ba ni ƙwayoyi, ƙwayoyin suka bar gwiwa suka kama ciki. Mai shagon magani na bakin titinmu ne ya ce in gwada wata likita 'yar ƙasar Sin da ke aiki da allura, a saman bene, bisa shagon masu ɗinkin labule. Na ce masa duk wanda ya buɗe asibitin gwiwa a saman bene, ko dai mugu ne ko kuwa ya yarda da aikinsa. Na dai je ranar Talata, na hau da sanda da addu'a.

Kafin a kai ga allura, sai da matar nan ta zaunar da ni ta yi mini tambayoyin da tun rasuwar marigayiya ba wanda ya yi mini. Yaya barcina? Ruwan sanyi nake so ko mai ɗumi? Ina yin gumi? Ƙafafuna suna sanyi? Har abin da ke tsakanina da bayan gida ta tambaya, ko murmushi babu. Ta daɗe a ƙasar nan, harshenmu ya zauna a bakinta, sai dai takan ajiye kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera ƙwai. Sannan ta ce in fito da harshe, ta dube shi kamar takardar jarrabawa. Ta ɗora hannuna a kan wani ɗan ƙaramin filo, ta sa yatsu uku a wuyan hannun, ta yi shiru tana sauraro. Ta gama da dama ta koma hagu. Ba zan ɓoye miki ba, na manta rabon da wani ya riƙe hannuna ya daɗe haka.

A bango akwai zanen jikin mutum, an ja masa layuka daga kai zuwa ƙafa, da ɗige-ɗige kamar tashoshi a kan hanya. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina zana taswira a ofishin safiyo, sai na ji kamar na zo gida. Ta ce a wajensu ciwo cunkoso ne a hanya, allura kuma buɗe ta take yi. Ban ce na yarda ba, ban ce na ƙi ba.

Alluran ba irin naku ba ne. Sirara ne kamar gashin wutsiyar doki, kowace a ledarta, a gabana ta yage. Shigarsu ba ta kai cizon sauro ba, amma in ta ɗan murza sai ka ji wani nauyi yana bin ƙashi, ita kuma nauyin take nema. Gwiwa ce ke ciwo, amma har a hannu da tsakiyar kai ta kafa mini. Ta jawo wata fitila mai ɗumi ta saita a kan gwiwar, ta ce kada in motsa sai ta dawo.

Gadaje biyu ne a ɗakin, da labule a tsakani. Ina kwance kamar bushiya sai na ji murya daga wancan gefen: “Maƙwabci, sabon shiga ne?” Direban babbar mota ne da ciwon baya ya sa ya ajiye tuƙi. Da ya ji aikin da na yi, sai ya ce ashe yau Allah ya haɗa shi da mutanen da suka cika hanya da kwana-kwana. Na ce mu tudu da kwari muka bi, su kuma gyangyaɗi suke bi. Muka yi ta dariya har Likita ta leƙo ta tsawata mana kamar 'yan aji. Ban ga fuskarsa ba. Shi ake fara sa wa, shi ake fara cire wa, kafin in sa takalmi ya sauka.

Ta ce zuwa goma ne zagaye ɗaya, duk Talata, daga nan a ga abin da hali ya yi.

Bawanki da ba ki ciyarwa,
Safiyo

*

Bawana Safiyo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, a tsaye na karanta ta da goyon ƙaramin a baya, domin a gidan nan ba a ba kaka kujera. Kowa lafiya. 'Yata aiki ya mayar da ita baƙuwa a gidanta, ni ce uwa ni ce mai aiki.

To, ashe abin da ya rage ke nan. Lokacin da nake aiki, in ka ga na buɗe jakar allura sai ka tuna ka bar wani abu a ofis. Yau ga ka kwance an jera maka su har a ka, don wata ta riƙe maka hannu. Faɗa mini gaskiya, ɗan Gwaggo, gwiwa ce ke hawa benen nan ko zuciya? In da magana ka sanar da ni da wuri, bawa ba ya neman aure a bayan idon uwar ɗakinsa.

Yanzu ka saurara, ungozoma ce ke magana ba taubashiya ba. Na ji daɗi da ka ce a gabanka ake yage ledar. Kada ka je da yunwa, kada kuma ka tashi zumbur in an cire, jiri kan ɗebi mutum. In ka ga ɗan tabo a wurin da allura ta shiga, ba komai ba ne, zai baje. Maganin hawan jininka kuwa ko da wasa kada ka ajiye shi. In ta ba ka saiwoyi ko sassaƙe na sha, ka nuna mata ƙwayoyinka tukuna. Sannan duk abin da ta tambaye ka, ka ba ta amsa dalla-dalla. Irin wannan aiki da bakin majiyyaci ake yinsa. Ni ma a zamanina, macen da ta ɓoye mini abu ita ce ke ba ni wahala.

Ka gai da Direba. Ka ce na gode masa, domin rabon da in ji an sa ka dariya har na manta.

Uwar ɗakinka,
Ungozoma

*

Uwar ɗakina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan goyo bai karya miki baya ba. In ya karya, na san inda ake gyarawa. Nan lafiya, sai yoyon da ruwan sama ya buɗe a kicin, na tara masa bokiti.

Maganar zuciya da kika yi, Allah ya shirye ki. Matar nan ta yi jika, kuma ba ta kallona sai ta wajen harshe.

Mako yanzu ya zama Talata da sauran kwanaki. Ran Litinin nakan goge riga, in yanke farce, in kuma tanadi abin da zan gaya wa Direba, domin mutumin nan in ba ka zo da shiri ba, ba za ka samu ƙofar shiga ba. Garuruwan da na yi ta rubuta sunayensu a taswira ban taɓa gani ba, duk ya kwana a cikinsu. In na ambaci wuri sai ya gaya mini launin ƙasarsa da inda ake samun ruwa mai daɗi, ni kuma in gaya masa tsayin tudun da motarsa ta sha kasa hawa. Wani lokaci ba ma cewa komai, sai dai in ji numfashinsa ta bayan labule, shi ma ya ji nawa. Ba za ki san yadda wannan yake ba, ke da gidanki ke cike da kukan yara.

Talatar da ta wuce ina jiran layi, na ji Likita tana sallamar wata mata mai ciwon kafaɗa. Ta ce mata ta samu lafiya, ba sai ta dawo ba. Matar ta sauka tana ta godiya. Ni kuwa na zauna ina kallon durowoyin saiwoyi da ke jikin bango, ina tuna cewa na wuce rabin zagayena.

Da aka zo kaina ta tambayi jiki, abin da na gaya mata shi ne gwiwa tana nan jiya i yau, barci ya yi ƙaura, ƙafafu kuma kamar ƙanƙara. Ta daɗe a kan wuyan hannuna fiye da kullum, ta sake duba harshe, ta ɗaure fuska. Ranar ta ƙara allurai, ta kunna wani ɗan sanda na busasshen ganye tana zagaya gwiwar da shi ba tare da ya taɓa fata ba. Hayaƙi ya cika ɗakin har Direba ya tambaya ko gasa ni ake yi. Ta kuma auna mini saiwoyi da ɓawon itace ƙunshi-ƙunshi, bayan ta karanta kwalin ƙwayoyina. Ta ce a tukunyar ƙasa ake dafawa, don haka na taka har kasuwa na sayo. Ɗacinsa kuwa, in kin sha shi za ki ce maɗaci ƙanin zuma ne. Ina sha safe da yamma, ba ni da wanda zan ɓata wa fuska.

Wata tambaya, ke da kika yi aiki da majiyyata: in mutum ya daina zuwa, kukan tuna da shi?

Bawanki,
Safiyo

*

Safiyo,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Takardarka ta yi kwana da kwanaki a jakar surukina, sai jiya ya tuna da ita. Da ka ga abin da na yi masa. Muna lafiya.

Wato duk wannan hawa da sauka gwiwar ba ta motsa ba, ga rashin barci, ga sanyin ƙafa? Sanyin ƙafa ga mai hawan jini da shekarunka ba abin wasa ba ne. Ka je asibiti a duba maka jini da zuciya, ka tafi musu da ƙunshin saiwoyin su gani. Hira da direba ba magani ba ce.

Tambayar da ka rufe takarda da ita kuwa ta hana ni cin abinci. Wane irin daina zuwa? Ina za ka? Na san irin wannan magana, na ji ta a bakin Baba kafin ya yi kwanciyar da bai tashi ba. In akwai abin da kake ji a jikinka ka faɗa mini ƙarara, ka bar yi mini rubutun 'yan boko. Ban ba ka iznin tafiya ko'ina ba.

Ungozoma

*

Safiyo,

Shiru har yanzu. Na buga waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka, na kuma san kana zaune kana kallonta. In mako mai zuwa ya wuce ban ga rubutunka ba, zan kira ɗanka in ce ya bar abin da yake yi ya zo ya ɗauke ka. Ka san in ya ɗauke ka, gidan naka sai dai ka gan shi a hoto. Zaɓi ya rage naka.

Ungozoma

*

Uwar ɗakina,

Sallama. Kada ki kira yaron. Ina raye, ina cin abinci, kunya ce ta riƙe mini hannu ba ciwo ba. Ki gafarce ni da na tayar miki da hankali.

Abin da kika karanta a takardata abin da na gaya wa Likita ne, ba abin da ke jikina ba. Kasuwar da na ce na taka, kin san nisanta da gidan nan, kuma a ƙafa na je na dawo. Gwiwar ta yi sauƙi tun kafin rabin zagaye. Barci nake yi kamar jariri. Sandar ma a hammata nake riƙe ta har ƙofar masu ɗinkin labule, sai in fara dogarawa in zan hau bene. Na ga an sallami mai kafaɗa don ta warke, sai na yi lissafi irin na ɗan makaranta: wanda ya warke a sallame shi, wanda bai warke ba a riƙe shi. Kowace Talata in ƙara mata wani ciwo, ita kuma ta ƙara mini ɗaci, in shanye.

Ashe ba haka lissafin yake ba. Ranar da zagaye ya cika ba ta kai ni gado ba. Ta zaunar da ni a gaban teburinta, ta ce ta yi iya abin da ta sani, kuma a ƙa'idar aikinta in zagaye ya cika ba a ga canji ba, ba ta ci gaba da soka wa mutum allura don kawai yana zuwa. Ta ce abin da nake faɗa da abin da yatsunta ke ji sun ƙi haɗuwa, wannan kuma alama ce ta akwai abin da ya fi ƙarfin saninta, don haka in koma asibiti a ɗauki hoton ƙashi a auna jini. Sannan ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, ban iya taimakonka ba.”

A lokacin ina jin muryar Direba daga ciki yana tambaya ko maƙwabcinsa ya makara ne. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na kasa. Ni da aka sani a ofis da cewa ba na matsar da layi ko da kaurin gashi don in faranta wa wani. Na yi godiya, na sauka ina ɗingishi don kada asiri ya tonu a kan matakala.

Tun ranar ina gida. Litinin ɗin da ta wuce na samu kaina na shimfiɗa riga na jona dutsen guga, sai da ya yi zafi na tuna. Abin da nake nufi da tambayata ke nan, ba mutuwa ba.

Bawanki,
Safiyo

*

Bawana,

Alhamdu lillahi da kake raye, domin da hannuna nake so in kashe ka. Na karanta takardarka na yi dariya har jikoki suka taru a kaina. Daga baya na shiga ɗaki na rufe ƙofa, ba sai na gaya maka abin da na yi a ciki ba.

Ɗacin da ka sha a banza, alhakin Likita ne ya kama ka. Amma ka tuna da matar nan. Na san abin da ake ji in majiyyaci ya fita ba ka iya masa ba. Da shi kake kwana da shi kake tashi, kana neman inda ka yi kuskure. Ka bar ta da wannan kaya alhali aikinta ya yi kyau. Ko ba don Talatarka ba, ka hau benen nan ka sauke mata shi, ka kuma bar sandar a gida.

Abin da za ta ce ban sani ba, ba zan kuma yi maka alkawarin za ta mayar da kai gadonka ba. Ka je dai. Amsar tambayarka kuwa: e, mukan tuna. Waɗanda muka kasa su muka fi tunawa.

Uwar ɗakinka,
Ungozoma

*

Uwar ɗakina,

Sallama da gaisuwa, a shafa mini kan yaran. Na bi umarni. Ran Talata na jingine sanda a bayan ƙofa, na hau benen nan ban ko dafa bango ba. Likita tana auna wa wani saiwoyi, ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ajiye ma'aunin.

A tsaye na faɗa mata komai, kamar ɗalibi a ofishin hedimasta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce saboda gwiwata har tsohon malaminta ta rubuta wa a ƙasarsu, ta koma kan littattafan da ta daɗe da rufewa, tana zaton hannunta ne ya fara tsufa. Ta ce saiwoyin da na sha an haɗa su ne don mai sanyin jiki, ni kuwa ba ni da shi, Allah ne ya kiyaye ban jawo wa kaina wata cutar ba. Sannan ta tambaye ni dalili. Na ce mata gidana shiru ne. Sai ta turo filon nan gabana ta ce in kawo hannu.

Ga abin da ban sani ba sai da ta gaya mini a ranar. Wanda allura ta karɓe shi, in ciwonsa irin na tsufa ne mai dawowa, takan ci gaba da ganinsa sau ɗaya a wata don kada a koma gidan jiya. Mai kafaɗar nan targaɗe ta yi, in ya warke ya warke ke nan. Da na faɗi gaskiya, da ina nan a Talatata. Yanzu kuwa ta ba wa wata mata mai ciwon wuya gadon. Ba za ta tashe ta don ni ba, ban kuma roƙa ba. Alhamis ce ke da gurbi.

Na ce zan ɗan huta kafin in sauka, na zauna a kujerar jira. Ta cikin ƙofa ina jin Direba yana ba mai ciwon wuya labarin ranar da igiya ta tsinke masa da lodin katifu, ya bi ƙauyuka yana roƙon mutane su dawo da abin da suka rantse daga sama ya faɗo musu. Matar tana dariya tana cewa ya bari, allura na motsi. Ya iya ba da labari, ko wa ke bayan labulen.

Da aka cire masa ya fito. Gajere ne, siriri, da tabarau, ni kuwa ƙato mai gemu na zana a raina. Ya dube ni ya ce, “Sannu, Baba, Allah ya ƙara sauƙi.” Na san in na amsa zai gane muryar, daga nan sai tambayar ina na shiga, ni kuwa kunyar da na sha a ranar ta ishe ni. Na ɗaga masa hannu kawai. Ya sauka a hankali yana dafe da ƙugu.

Na karɓi Alhamis ɗin. Na tambayi Likita wa ke ɗaya gadon a ranar, ta ce wani dattijo ne da ke yin barci tun kafin ta gama kafa masa allura.

Gwiwa kuwa, wannan karon ki ɗauka yadda na rubuta: lafiya lau take. Jiya da la'asar na sa takalmi na fita don in gwada ta, na kai har mararraba ba ta ce uffan ba. Na ɗan jima a tsaye ina duban hanyoyin, sannan na juyo gida.

Ki rubuto da wuri.

Bawanki,
Safiyo